Google Ba Kawunmu Ba Ne

'Yan uwa ɗalibai, mu gaya wa juna gaskiya: rabin karatunmu yana hannun kamfani ɗaya. Asamen a Google Docs, handawut a Drive, hoton sakamakon jarrabawa a Photos, wayar ma Android ce. Ni ban ce kayan ba su da amfani ba. Tun 2013 Google Translate ke jin Hausa, ko da yake wani sa'in fassararsa sai ka riƙe ciki don dariya. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki kayan aro tamkar gado, alhali zanen aro ba ya rufe katara.

Ku dubi Photos. An yi shekaru ana cewa zuba hotunanka kyauta, babu iyaka. Da jama'a suka saba, ranar 1 ga Yunin 2021 sai aka canja magana: duk sabon hoto zai ci ne daga gigabait 15 ɗin nan da Gmail da Drive ke rabawa. In wurin ya cika, imel ma ya daina shigowa, sai dai ka goge ko ka riƙa biya duk wata. To ka ɗauka ɗan ND ne ke jiran amsa daga inda ya nemi SIWES, ga bidiyon bikin yayarsa ya toshe akwatin, shi bai ma sani ba. Google Station fa? An kawo intanet kyauta Legas a 2018, aka sha tafi, 2020 suka naɗe tabarmarsu.

Ba mugunta ba ce, kasuwa ce. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da ke shigar wa uwar kamfanin, Alphabet, daga talla yake fitowa, kuma abin da muke bincikawa shi ke nuna musu tallar da za su turo mana. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da su, ta fito fili cewa a 2021 kaɗai sun biya sama da dala biliyan 26 don injin bincikensu ya zama shi ne farko a wayoyi da manhajojin shiga intanet. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa sun yi kaka-gida a kasuwar ba bisa doka ba. Mai kashe irin wannan kuɗi, ai ba don Allah yake ba ka Drive ba.

'Yan HND 2, ku musamman nake ji. Tun Disambar 2023, asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba suna iya goge shi da duk abin da ke ciki. Ku shiga Google Takeout ku sauke furojet ɗinku, kwafi ɗaya a filas, ɗaya a kwamfutar wani amintacce. Ita kuma ƙungiyarmu, don Allah ta tambayar mana sashen ICT: imel ɗin makaranta da aka buɗe mana, wata nawa yake yi bayan mun gama kafin a rufe shi?