Tula: Tatsuniyar da Ta Faɗa wa Mahukunta Gaskiya

Duk wanda ya taɓa ratsa Tenere ya sauka Segedin, a ƙasar Kawar ta jihar Agadas, ba ya bukatar a gaya masa darajar ruwa. Dabinon garin da gishirinsa, da matafiyan da ke yada zango can, duk ruwa ne ke riƙe da su. Shi ya sa muke ganin 'ya'yan irin waɗannan garuruwa ne suka fi cancanta da ganin fim ɗin Tula, wanda ƙasarmu ta haifa, ta kuma bar shi cikin ƙura.

A shekarar 1973 ne marigayi Mustafa Alasan, tare da Bajamushiya Anna Soehring, ya ɗauko wannan tsohon labari daga alƙalamin Bubu Hama ya mai da shi fim. Fari ya addabi wata ƙasa. Boka ya ce aljanin ruwa ba zai huce ba sai an ba shi budurwa, aka zaɓi Tula. Saurayin da ke son ta ya bazama neman ruwa don ya fanshe ta, ya kuwa samo, amma kafin ya komo tafki ya riga ya haɗiye ta.

Wasu za su ce ai almara ce ta hirar dare, ta yara da kakanni. To, a dubi lokacin da ta fito. Fari yana cinye dabbobi da mutane a Sahel, talakawa suna kukan yadda ake rabon abincin agaji. Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori Hamani, Bubu Hama kansa, shugaban majalisar dokoki, ya shiga tsare. Tambayar fim ɗin kuwa har yau tana nan: in masifa ta sauka, wa ake miƙawa? Me ya sa shugabanni ke gaggawar sadaukar da mai rauni, maimakon su jira wanda ya tafi neman mafita?

A 1998 Bafaranshe Michel Ocelot ya fitar da Kirikou, wanda ya gina kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma. Nan ma ƙauye ne da idon ruwansa ya ƙafe. Fim ɗin ya zaga duniya, ya jawo kuɗi. Ba mu yi masa hassada ba, domin wanda ya yi shuka shi ke girbi. Sai dai 'yan kasuwarmu su lura: hajar tamu ce, ribar ta wani. Mustafa Alasan ya riga shi da shekara 25, ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya rasu a 2015.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Ma'aikatar al'adu ta nemo Tula ta gyara shi, a sa masa muryoyi cikin harsunan ƙasa, har da Barbarci da Tubanci na mutanen Kawar. Télé Sahel ta nuna shi, a kai shi lakwal-lakwal. Attajirai kuma su zuba jari ga samarin da ke son mai da Gizo da Ƙoƙi fim.

Yaron da ya ga an ba da Tula alhali ruwa yana kan hanya, in ya girma zai san abin da zai tambayi mai neman ƙuri'arsa.