Kumburin babban yatsan ƙafa: mu bar tsaga, mu je likita

Bayan Sallar Layya, mukan ga magidanci yana ɗingishi, ya kasa sa takalmi. Ya kwanta lafiya lau, tsakar dare ciwo ya tashe shi. Gindin babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi zafi, yana sheƙi. Ko zane ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Wasu su ce sammu ya taka, wasu su ce sanyi ne.

Likitoci suna kiran wannan ciwo "gut". Asalinsa wani datti ne na jini, wanda ƙoda take fitarwa cikin fitsari. In ya yi yawa, sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yawan cin nama, musamman kayan ciki, da shan giya ko lemun kwalba mai sukari, da ƙiba, da ƙarancin shan ruwa, duk suna tayar da shi. Ana kuma gadonsa. Ya fi kama maza magidanta, da mata bayan sun daina haila.

Ga inda muke kuskure. Ciwon yakan lafa da kansa cikin sati 1 ko 2. In wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, sai mu ce shi ya warkar, alhali dattin yana nan cikin jini. Ciwon yakan dawo, ya kama gwiwa ko idon sawu, a ƙarshe ya lalata gaɓa. Manomin da ya kasa taka ƙasa ranar shuka, wa zai cika masa rumbu?

Saboda haka, in ciwon ya taso, a huta, a ɗaga ƙafar, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha ruwa sosai, sannan a je gidan likita. Akwai maganin kwantar da kumburi, kamar kolshisin. Akwai kuma alofurinol, wanda ake sha kullum don rage dattin. Likita ne zai faɗi wanda ya dace. Kada mu sayi ƙwayoyi wurin masu talla: asfirin na iya ƙara dattin, wasu kuma suna ɓata ciki da ƙoda.

In akwai zazzaɓi, ko miki a ƙafar, ko mutum yana da ciwon sukari, kada a kwana, a je ranar.

Mu da muka iya karatu, mu karanta wa maƙwabtanmu wannan shafi.