Hard ɗinka bai mutu ba, kada ka bari a yi masa fomat

Wallahi abin nan yana ƙona min rai. Ka tara hotunan biki da na yara daga wayarka a hard na waje, gidansa ya lalace, an saka shi a sabon gida, kwamfuta ta ce sai an yi fomat. Mai gyara ko dubawa bai yi ba, ya ce maka "ai ya mutu, sai dai a goge". Ganganci ne kawai, malam!

Hard yana ajiye kaya ne a ƙananan gurabe da ake kira sekta. Yawanci kowace sekta bayit 512 ce, amma wasu gidajen USB suna nuna wa kwamfuta ita a matsayin 4096. Ninki takwas ke nan. Taswirar da ke gaya wa kwamfuta inda kayanka suka fara kuwa da lambar sekta take ƙirge. An auna hanya da takun babba, sabon gidan ya zo yana bi da takun yaro, yaushe zai isa? Kayanka suna nan daram, adireshin ne ya ɓace. Ka danna fomat kuwa, da hannunka ka jawo asara.

Mu masu gyaran waya ma mun san wannan: eMMC 512 ne, UFS 4096, ba a juye ɗaya kan ɗaya sukutum.

Ka nemo gida irin na farko sak, ko wanda ya iya TestDisk. Idan ya buɗe, kwashe fayilolinka zuwa wani wurin tukuna, sannan a yi maganar fomat.