Sharhi: Bayan kame da gwaji, ina wanda ƙwaya ta kama zai samu magani?

Tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi ragamar hukumar NDLEA a watan Janairun 2021, da wuya mako ya wuce ba a ji labarin kama tiramadol ko kodin a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Onne ba. Hukumar kuma ta daɗe tana kiran a riƙa yi wa masu neman aiki da muƙami gwajin ƙwaya. Tambayar da ya kamata ta dami ma'aikata da masu bai wa shugabanni shawara ita ce: idan gwajin ya nuna mutum na sha, ina za a tura shi?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Miliyan 4.6 daga cikinsu sun sha magungunan dangin ofiyom, irin su tiramadol da kodin, ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Sai dai haramci bai kashe ƙishirwar ba. A Fabrairun 2025, wani binciken BBC ya sake bankaɗo yadda ake shigo da haɗin tafentadol daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma. An toshe ƙofa, kasuwa ta buɗe taga.

Dalilin haka yana cikin jikin mai shan. Dangin ofiyom na sauya aikin ƙwaƙwalwa, har ta kai idan mutum ya daina sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci su taso masa. Iyalai da yawa na ganin mafita ita ce a killace shi har jikinsa ya washe. Wannan tunani ne ya cika gidajen mari irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa da ke Kaduna a Satumbar 2019, inda aka tarar da ɗaruruwan mutane, wasu cikin sarƙa. Ko a asibiti aka yi wankin jikin, akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba: bayan 'yan makonni jiki yana rasa juriyar da ya saba da ita, don haka adadin da mutum yake sha a da zai iya tsayar masa da numfashi ranar da ya koma.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita jinya da magani tare da nasiha. Tun 2005 ta sanya metadon da bufurenofin cikin jerin muhimman magunguna. Likita ne ke auna adadin da za a riƙa sha kullum; maganin yana kwantar da ƙishirwar ba tare da bugarwa ba, mutum ya iya zuwa aiki ya riƙe iyalinsa. Bincike da dama sun nuna haɗarin mutuwa na raguwa da kusan rabi muddin ana kan maganin. Akwai kuma nalokson, wanda ke farfaɗo da wanda ya sha fiye da kima. Masu cewa an musanya ƙwaya da ƙwaya ne sai su dubi Tanzaniya, wadda ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili a 2011, da Kenya da ta bi sahu a 2014.

A Najeriya, mai nema zai fara ne daga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba, da Aro a Abekuta. A Abuja akwai sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa da na asibitin koyarwa da ke Gwagwalada. NDLEA ma tana da layin waya na kyauta don ba da shawara. Amma zuwa wurin kaɗai bai wadatar ba, domin abin da aka fi samu a ƙasar nan shi ne wankin jiki da nasiha. Ya kamata iyali su yi tambaya ƙarara: akwai likitan ƙwaƙwalwa da zai duba mara lafiyar? Ana ba da magani na dogon lokaci, ko kwantarwa kawai ake yi? Wane shiri aka yi masa bayan sallama? Duk wurin da ya yi alkawarin warkarwa cikin mako biyu, ko ya hana dangi ganin ɗansu, a yi hattara da shi. Kada kuma a sayi waɗannan magunguna a kasuwa, domin metadon ba tare da awon likita ba yana kisa.

Sauran aikin na hannun masu karanta wannan shafi ne. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, dokar NHIA ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Abin da ya rage shi ne kasafi da tsari: a saka jinyar cikin abin da inshorar ma'aikata ke biya, a horar da likitoci da masu harhaɗa magani, NAFDAC ta tabbatar maganin na isa asibiti cikin tsaro. Haka kuma duk takardar umarnin da za ta wajabta gwaji ta fayyace inda za a tura wanda aka samu, da yadda za a rufa masa asiri. Ma'aikacin da ya san kora ce ke jiransa ba zai taɓa zuwa wurin likita da ƙafarsa ba.