Mace Ɗaya, Sunaye Biyu: Fannin da Ɗalibanmu Ke Tsallakewa

A bara ƙanwar mahaifiyata ta shafe kusan mako uku tana zarya tsakanin banki da wani ofishi, bayan an dakatar da asusunta. A wata takarda an rubuta A'ishatu, a wata Aisha. A ɗaya sunan mahaifinta ne ya biyo baya, a ɗayar kuma na mijinta. Duk wanda ya dube ta ya san mace ɗaya ce, amma kwamfuta mata biyu ta gani.

Na kawo labarin ne saboda matasanmu masu shirin digiri na biyu ko na uku a ilimin kwamfuta. Mafi yawan waɗanda na zanta da su ƙirƙirarriyar basira suke hanƙoro. A ganina akwai fannin da muka fi buƙata da gaggawa, wato nazarin rumbunan bayanai da ke warwatse a wurare daban-daban, da hanyoyin haɗe abin da ke cikinsu.

Fannin yana da rassa biyu. Na farko shi ne yadda kwamfutoci masu nisa da juna za su yarda da magana ɗaya. A ce banki na da rumbu a Kano da wani a Legas, sai sadarwa ta yanke tsakaninsu, ga kuma mutum ya zo cire kuɗi. Ko dai a dakatar da shi har layi ya dawo, ko a biya shi alhali ba a san abin da ya faru a ɗaya rumbun ba. A shekarar 2000 Eric Brewer ya yi hasashen cewa idan sadarwa ta yanke dole a zaɓi ɗaya cikin biyun, kuma a 2002 Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da haka ta hanyar lissafi. A ƙasar da yankewar layi da ɗaukewar wuta suka zama ruwan dare, wannan zaɓi kullum ake yin sa, ko da sani ko a rashin sani.

Reshe na biyu shi ne gane cewa rubutu biyu mutum ɗaya suke nufi. Tun 1969 Ivan Fellegi da Alan Sunter suka shimfiɗa ƙa'idar auna yiwuwar hakan. Sai dai yawancin dabarun kwatanta sunaye, irin su Soundex, da sunayen Turawa aka gina su. Ba su san Garba da Habu da Bukar duk Abubakar ba ne, ko Mamman Muhammadu ne. Ba su san Bahaushe na iya ɗaukar sunan garinsu a makaranta, ya koma na mahaifinsa a fasfo ba. Wannan ilimi a kawunanmu yake, kuma sai ɗan gida ya zauna ya mayar da shi ƙa'idar da na'ura za ta bi.

Najeriya kuwa ta tara rumbuna. An kafa hukumar NIMC a 2007, Babban Banki ya ƙaddamar da BVN a 2014, a Disambar 2020 aka umarci a haɗa layukan waya da lambar NIN. Ga rajistar masu zaɓe, ga ta fasfo, ga ta lasisin tuƙi. Estoniya ta ɗauki hanyar da ya kamata a nazarta: tun 2001 tsarinta na X-Road ya bar kowace hukuma da rumbunta, ya samar musu amintacciyar hanyar musaya. Ko hakan zai dace da ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tambaya ce da ta cancanci kundin digiri na uku.

Wani zai ce a sayo manhaja daga waje, ko a koyi aikin a kwas na wata uku. Kwas zai koya maka sarrafa manhajar. Ba zai koya maka yanke hukunci kan yawan kuskuren da za a jure ba, domin idan aka tsaurara ma'auni za a raba mutum ɗaya gida biyu, idan aka sassauta za a haɗe mutum biyu, bashin wani ya hau kan wani. Ita ma ƙirƙirarriyar basirar da ake ɗoki, idan aka ciyar da ita gurɓatattun bayanai, gurɓatacciyar amsa za ta bayar.

Saboda haka ina roƙon jami'o'inmu su karkatar da ɗalibai ga irin waɗannan matsaloli na gida, hukumomi kuma su buɗe musu ƙofar bincike bisa sharuɗɗan Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ɗalibin da ya tattara sunayen Hausa da lakabobinsu da rubuce-rubucensu iri-iri, ya gwada su, ya wallafa sakamakon, zai rage wa mata irin innata zaryar mako uku.