Ga Shugaban Masu Tsaron Ƙofar Asibiti

Ya ku ƴan'uwa talakawa!

Maganarmu ta yau da shugaban ƴan sandan da ke tsaron asibitin gwamnati take, inda ake jinyar tsofaffin sojoji.

Mun san abin da Nasara ya yi. Sojojin Afirka ta Yamma sun yi wa Faransa yaƙi. Da sunka nemi haƙƙinsu a Thiaroye ta Senegal a 1944, harsashi anka ba su. A 1959 Faransa ta tsayar da fanshonsu wuri guda, ba ta daidaita shi duka da na Faransawa ba sai 2011. Wancan mulkin mallaka ne. To, in ɗan ƙasa ya wulaƙanta sojan da ya tsira da rauni daga harin Inates na 2019, wa za mu zarga?

Shugaba, in yaronka ya karɓi goro kafin gurgu ya shiga, kai ka karɓa. Ka rubuta sunan mai gadin kowane dare. Ka zagaya da ƙafarka. Bindigar baƙo ta tsaya a ƙofa, ɗakin magani ya kwana a kulle. Wanda yaƙi ya taɓa hankalinsa, in ya yi ihu cikin dare, a kira likita, kada a kawo ankwa.

Kai ma kaki ka sa, kuma tsufa na tafe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙasa tamu ce!