Kafin mu ƙwace wayar, mu nemo malami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan yaranmu da Turanci, da kuma wannan waya da ta zame mana ƙarfen ƙafa.

Sanin kowa ne cewa ko da yaro ya cinye duk darussa a WAEC ko NECO, in dai babu kiredit a Turanci, to ABU sai dai ya hango ta daga mota in zai wuce Samaru. A JAMB ma Turanci dole ne. Ga shi kuma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin 2022 na koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Ke nan ba mu da mafita sai yaran nan su iya shi.

Ni 'yata sau biyu Turanci yana kayar da ita. Kuɗin rajista na biyu sai da na fitar da masara na kai kasuwa tun ba ta yi daraja ba. Haushi ya sa na ɗora laifin a kan Facebook, na ƙwace wayar na kulle a akwati. Kuma ba zalunci na yi ba, don ƙanena ya duba littafinta ya nuna mini yadda take gutsure kalmomi, wani wuri harafi ɗaya, wani wuri lamba 2 ko 4 a madadin kalma, irin rubutun hira da ƙawaye. Mai ba da maki kuwa ina ruwansa da wannan?

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne wani malami a unguwarmu da ya buɗe zaure a WhatsApp. Bayan sallar lisha sai ya karanta ɗan gajeren labari da muryarsa ya tura, kowane yaro ya karanta ya turo da tasa muryar, shi kuma ya gyara. Ranar Asabar kuwa wasiƙa ake rubutawa, da biro a kan takarda, a ɗauki hotonta a tura masa, ya zagaye kurakuran ya maido. Malam Edita, yarinyar da kunya ta hana ta buɗe baki a aji, wallahi sai ga ta a bayan ɗaki tana maimaita karatu sau biyar kafin ta tura. Sakamako dai na Allah ne, amma yanzu ita ke karanta mini saƙon banki.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana iyaye, mu bar dogara da masu tallar wai a koyi Turanci cikin kwana bakwai. Kallon bidiyo kawai cin data ne, tunda babu mai ce wa yaro nan ka yi kuskure. Data kuwa tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 ta zama sai mai hali, ga malamin nan daga aljihunsa yake saye. Me zai hana mu haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata mu ba shi?

Sai dai da sharaɗi. Wayar ta kwana a hannun uba ko uwa, a kuma sa wasu daga cikin iyaye a zauren. Kada a yarda da saƙon gefe tsakanin malami da ɗaliba, komai a yi shi a fili. Shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari, don Allah a kawo wannan magana a taro na gaba.



Naka mai karatu a kullum,
Tudun Jukun, Zariya.